Yadda za ka samu babban malam-buɗe-littafin lemo a tsakar gida, ka ɗauke shi hoto da wayarka

Akwai bishiyar lemun tsami guda ɗaya a tsakar gidanmu a Kassala, a gabashin Sudan, dab da inda randunan ruwa suke, kuma ɗigon da ke sauka daga gindin randa shi ya raya ta. Wata safiya cikin watan Satumba na tarar da Inna a tsaye kanta da tsinken tsintsiya, tana kakkaɓe wasu abubuwa daga sabon tofo.

Na ce, "Inna, barka da kwana. Me ake cirewa?"

Ta ce, "Zo ka gani, ɗan nan. Kashin tsuntsu ne, amma mai tafiya. Ga shi yana cinye mini ganye."

Na roƙi alfarma ta bar mini biyu. Na sa su a wani bokiti na rufe da tsumman gidan sauro, kullum ina kai musu ganye. Bayan mako uku sai ga wani malam-buɗe-littafi baƙi mai ɗigo-ɗigon rawaya ya fito, faɗinsa ya kusa cika tafin hannuna. Shi ne dai wanda na shafe damina guda ina bi daga katanga zuwa katanga da waya a hannu, ban taɓa samun hoto ɗaya mai kyau ba. Ashe duk lokacin nan a kan bishiyarmu ake haifarsa. Tun ranar na daina binsa, na koma zaman jiransa a inda ya zama dole ya zo, kuma wannan hanyar ce zan shimfiɗa a nan.

Mataki na farko: ka san wanda kake nema

Larabawan nan duk farasha suke ce musu, mu kuma duk malam-buɗe-littafi, amma iri-iri ne, kowanne da ganyen da 'ya'yansa ke ci. Babban da nake magana a kai masana suna kiransa Papilio demodocus, sunan da wani Bajamushe mai suna Esper ya ba shi a 1798. Idan ya buɗe fukafukansa yakan kai santimita 10, macen ma ta ɗara. Launinsa baƙi ne mai sirkin ƙasa-ƙasa, da ɗigo-ɗigo da wani zane mai ruwan rawaya fari-fari da ya ratsa fukafukan. A kowane fiffiken baya akwai ido biyu: ɗaya a sama mai shuɗi, wanda fiffiken gaba kan rufe shi, ɗaya a ƙasa kusa da ciki, ja mai ɗan shuɗi. Da yawa cikin danginsa suna da wutsiya a fiffiken baya, shi ba shi da ita.

Yana ko'ina a Afirka kudu da Sahara, har ya tsallaka kudu maso yammacin ƙasar Larabawa. Wato wanda ke kan lemon Kano da Damagaram shi ne a Gadarif da Mai Wurno, shi ne kuma 'yan'uwanmu na wajen Jizan ke gani. Waɗanda ke gabashin Saudiyya ɗan'uwansa na Asiya suka fi gani, Papilio demoleus, wanda ya ɗan fi shi ƙanƙanta, amma halinsu ɗaya, duk abin da zan faɗa zai yi musu aiki.

Akwai na biyu da nake so ka sani, domin da shi za ka koyi hannu. Shi ne mai ruwan goro, mai baƙin gefe da ɗigon fari, wanda ke shawagi a kan tumfafiya, wadda ake ce wa ushar a nan. Sunansa Danaus chrysippus, faɗinsa santimita 7 zuwa 8. Tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci, ta tara dafin a jikinta, dafin ya bi ta har girma, shi ya sa tsuntsu ba ya marmarinsa. Da yake ya san ba mai taɓa shi, tafiyarsa a natse take, ya sauka ya daɗe a kan fure. Ka lura da fiffikensa na baya: a ƙasar Hausa wanda ya fi yawa mai farin fiffiken baya ne, a nan gabas kuwa za ka iya haɗuwa da mai farin, da mai ruwan goro duka, har da wanda ba shi da baƙin nan na ƙarshen fiffiken gaba. Duk jinsi ɗaya ne. Akwai kuma mai kwaikwayonsa, macen Hypolimnas misippus, wadda ba ta da dafi amma ta ari rigarsa. Idan ka ƙirga ɗigo baƙaƙe uku ko huɗu a tsakiyar fiffiken baya, na gasken ne.

Fararen nan da masu ruwan ɗorawa da ke wucewa da gudu a kan tafasa, ka ƙyale su tukuna.

Mataki na biyu: ka shirya masa tsakar gida

Abu uku ke kawo shi gida: ganyen da macen za ta yi ƙwai a kai, furen da zai sha, da damshin ƙasa.

Ganyen shi ne babba. Lemun tsami, lemun zaƙi, duk dangin lemo suna yi, ko da dashe ne a cikin garwa. Amma ba tsohon ganye mai tauri take nema ba, sabon tofo take so, mai laushi, mai ɗanyen kore. Bishiyar da ta sha ƙishi ta tsaya cak ba za ta jawo kowa ba. Ka ɗan rage kan wasu rassa biyu ko uku da suke daidai ƙirjinka, ka zuba takin awaki da ya ruɓe, ka riƙe ban ruwa. Cikin mako biyu ko uku tofo zai ɓullo a daidai tsayin da hannunka zai kai ba tare da ka hau kujera ba. Da gangan nake zaɓar rassan gefen gabas, saboda hasken safe.

Fure kuwa, jahannamiyya (wato bougainvillea) da ke kan katangar kusan kowane gida tana jawo shi, haka lantana da ziniya. Lantana ta fi su duka kira, amma ganyenta guba ne ga awaki da tumaki, kuma tana yaɗuwa ta mamaye wuri, don haka a tukunya kawai za ka ajiye ta, inda dabba ba ta kaiwa. Ga dabarar da ta fi yi mini amfani: kada ka jingina tukunyar fure da bango. Ka ɗora ta a kan bulo ko tsohon turmi har furen ya zo daidai cibiyarka in kana zaune a tabarma ko a gefen angarib (gadon igiya na nan), ka bar fili kamar taku uku a bayanta. Wannan filin shi zai sa bayan hotonka ya narke ya yi laushi, malam ya fito shi kaɗai. In tukunyar na manne da bango, kowane tsagi na siminti sai ya fito a hoton.

Damshin ƙasa na maza ne. Sukan sauka a jiƙaƙƙiyar ƙasa su tsotsi gishirin da ke ciki, wanda ruwan fure ba ya ba su. Ka zuba yashi a faranti mai faɗi, ka barbaɗa ɗan gishiri kaɗan da ɗan taki, ka jiƙa shi kowace safiya. Damshi na ce, ba tafki ba. Duk wanda ya ga yadda kankasha, zazzaɓin nan da sauro ke yaɗawa, ta kwantar da Kassala a 2018 ba zai bar ruwa kwance a tsakar gida don sauro ya hayayyafa ba.

Sai maganar feshi, kuma a nan ba ni da sassauci. Idan ka fesa maganin ƙwari a bishiyar, ka gama da zancen hoto na makonni. Na san kukan masu lambu a sawagi, wato lambunan ban ruwa na gefen garin nan, kuma gaskiya ne: tsutsa uku za su iya tsiraita dashen da bai kai gwiwa ba. Amma babbar bishiya mai ganye dubbai ba ta ko jin cin tsutsa biyar. Idan ka ga tsutsa a kan ƙaramin dashe, ka tsinke ganyen da take kai ka ɗora a kan babbar bishiya. Minti ɗaya ne, ba ka kashe kuɗin magani ba, ba ka kuma zuba guba kusa da randar shan yara ba.

Mataki na uku: ka koyi karanta ganye

Nan ne ake gane ko yana zuwa gidanka ko ba ya zuwa, tun kafin ka gan shi da ido. Kowace safiya bayan ka sha shayi, ka ba bishiyar minti biyar.

Fara da kan tofo. Ƙwan ɗaya-ɗaya take ajiyewa, ba tari ba. Zagayayye ne sumul, girmansa bai wuce ƙwayar gero ƙarama ba, launinsa fari mai rawaya-rawaya. Idan ya fara duhu, ƙyanƙyasa ta kusa, don duka-duka kwana huɗu zuwa shida yake yi. Tsutsar da ta fito takan fara da cinye ɓawon ƙwanta, sannan ta koma ganye.

Sau huɗu take saɓa kafin ta kai girmanta na ƙarshe, kuma a duk matakai huɗun farko kamar kashin tsuntsu take, baƙi-baƙi da fari a tsakiya, har da ɗan sheƙi kamar bai bushe ba. Takan kwanta a tsakiyar ganye a fili, ba ta ɓuya, domin ba tsuntsun da zai tsaya cin kashinsa. Inna ba ta yi kuskuren gani ba, haka Allah ya tsara ta a gan ta. A saɓa ta huɗu sai ta rikiɗe ta zama koriya shar, mai kauri kamar ɗan yatsa, tsawonta ya haura santimita 4, da zane a kafaɗa mai kama da idanu. A wannan matakin ta fi wuyar gani, sai ta kashinta: ka duba ƙasa ƙarƙashin reshe, in ka ga baƙaƙen ƙwayoyi kamar masoro, ɗaga kai, tana sama.

Idan ka shafi bayanta da tsinke a hankali, wani abu mai rassa biyu mai ruwan lemo zai fito daga bayan kanta kamar harshen maciji, da wani wari mai ƙarfi kamar ruɓaɓɓen ɓawon lemo. Makaminta ke nan na korar tururuwa da ƙananan zanzaro. Ba ya cutar da mutum. Hoto ne mai kyau, amma ka yi sau ɗaya ka bar ta, don ƙarfinta take kashewa.

Kada ka rikita ta da mai zanen nan fari-fari mai lanƙwasa kamar sawun maciji a cikin ganye. Wancan wani ƙaramin ƙwaro ne dabam da ke haƙa a tsakanin fatar ganyen.

Ranar da ka ga ƙwai, ka tabbata macen na zagayen unguwarku, kuma za ta dawo. Ga yadda za ka gane ta: ba ta kula fure, bishiyar take kewayawa ƙasa-ƙasa, ta taɓa wannan ganye ta tashi, ta taɓa wancan. Da ƙafafunta na gaba take ɗanɗana ganyen. Idan ya yi mata, sai ta riƙe shi tana kaɗa fukafukai, ta lanƙwaso cikinta ta manna ƙwai, ta wuce. Daƙiƙa biyu ko uku ne. In kana son wannan hoton, tun tana nesa za ka saita wayarka a kan tofon da ya fi kyau ka jira ta.

Mataki na huɗu: lokaci

Kwana uku na farko ka bar wayar a ɗaki. Ka zauna a rumfa ka duba ta ina yake shigowa, wane fure yake farawa da shi, rana tana ina. Za ka tarar yana da hanya, sau da yawa ta kusurwa ɗaya yake haurowa kusan lokaci ɗaya.

A nan Kassala sun fi yawa daga tsakiyar damina, lokacin da kogin Gash ke gudu, zuwa kaka da farkon sanyi. A lambunan da ake ban ruwa ana ganinsu jefi-jefi kusan duk shekara. Cikin zafin Afrilu da Mayu sukan ragu, kuma ranar da habub, wato guguwar ƙura, ya taso kada ma ka ɓata lokacinka.

Jikinsa ba ya yin ɗumi da kansa, sai ya sha rana kafin ya iya tashi da ƙarfi. Saboda haka awa ɗaya zuwa biyu bayan fitowar rana, musamman a watannin sanyi, za ka iya samunsa a kan ganye ya shimfiɗa fukafukai yana shan hantsi, ya buɗe littafin gaba ɗaya. Babu lokacin da ya fi wannan. Daga hantsi zuwa walaha shan fure yake yi, da hanzari. Da azahar hasken ya yi kaifi, launi ya ƙone, shi ma ya nemi inuwa. Bayan la'asar sakaliya yakan nemi reshen kwana ya rataya fukafukai a rufe, a lokacin ne za ka samu zanen ƙasan fiffike, wanda ya fi na sama haske da ado.

Mataki na biyar: saita waya

Goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi. Ƙurar garin nan da maiƙon yatsa sun ɓata hotuna fiye da arhar waya. Ka cika caji tun dare in an samu wuta, ka kashe filasha, kuma kada ka bar wayar a rana, in ta yi zafi kyamarar takan rufe kanta.

Matsalar wannan malamin ita ce ba ya daina kaɗa fukafukan gaba ko yana shan fure. A kan ƙafa yake tsaye ɗage-ɗage, fukafukan na rawa. Idan ka bar waya ta zaɓa da kanta, jikinsa zai fito, fukafukan su yi dishi-dishi. Maganin shi ne saurin ƙiftawar kyamara. Ka shiga sashen da aka rubuta Pro a wayoyi da yawa, ka sa saurin a 1/1000 ko 1/2000 na daƙiƙa in yana kan fure cikin rana. In yana zaune shiru yana shan hantsi, 1/250 ya isa. Ka bar ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya daidaita kansa, amma in ya haura 800 a waya hoton zai fara yin tsaki-tsaki, gara ka jira haske ya ƙaru.

In wayarka ba ta da wannan sashen, akwai hanya biyu. Ta farko ita ce ɗaukar hotuna a jere: a wasu wayoyin danna madannin za ka yi ka riƙe, a wasu ka ja shi gefe ko ƙasa. Cikin hoto talatin ba za ka rasa biyu da fukafukan suka tsaya a buɗe ba. Ta biyu ita ce bidiyo mai 4K cikin rana sosai, daga baya ka tsayar a inda ya yi kyau ka cire hoton.

Ka taɓa allon a kan furen da kake sa ran zai sauka, ka riƙe yatsa har saitin ya kulle, sannan ka ja alamar hasken ƙasa kaɗan. Dalili: jikinsa baƙi ne, waya takan ƙara haske don ta gan shi, sai ɗigon rawayan nan su ƙone su koma fari fat, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa da gyara.

Zuƙowa da yatsu biyu yanka hoto kawai take yi. In wayarka na da kyamara ta biyu mai 2x ko 3x, yi amfani da ita daga nisan kamu ɗaya ko fiye. In babu, ɗauka a yadda take, ka yanke daga baya. Don hoton ƙwai da ƙaramar tsutsa, gilashin ƙara girma da ake maƙalawa a waya yana yi, ko ka riƙe madubin ƙara girman rubutu a gaban kyamarar. Mai babbar kyamara kuwa, ya sa f/8 da gilashi mai tsawon milimita 100 zuwa 300, sauran duk ɗaya ne.

Mataki na shida: kusantarsa

Idanunsa sun fi gane motsi fiye da siffa. Mutumin da ya zauna shiru, a wurinsa kamar kututture ne. Don haka ka riga shi zuwa: zauna taku ɗaya daga tukunyar fure, gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, waya a ɗage tun kafin ya iso. Farar jallabiya tana walƙiya a rana, ka sa mai duhu-duhu ko ruwan ƙasa.

In ya sauka, kada ka motsa nan take. Bari ya warware dogon bakinsa mai kama da zare ya zura a fure. Da ya fara sha hankalinsa ya rabu, sai ka miƙa hannu a hankali, kai tsaye zuwa gare shi, ba ta gefe ba. Ka ɗauka tun daga nesa, ka matsa ka ƙara, ka matsa ka ƙara, don in ya tashi kana da wani abu a hannu. In ya tashi kuma kada ka miƙe. Sau da yawa kewaye ɗaya yake yi ya dawo kan furen da ya bari.

Inuwarka kada ta faɗa kansa. Inuwa daga sama a wurinsa tsuntsu ne. Rana ta kasance a bayan kafaɗarka ta gefe, inuwar ta faɗi can wani wuri. Wani lokacin kuma ka juya ka sa shi tsakaninka da rana ta safe, hasken ya ratso fiffiken, ɗigon rawayan su kama kamar fitila.

Bayan wayarka ya yi daidai da shimfiɗar fiffiken, kamar kana ɗaukar shafin littafi. In ya buɗe, ka ɗauka ta sama sak, in ya rufe, ka sauko ka ɗauka ta gefe sak. Da ka karkace, rabi zai fito tar, rabi ya dushe. In dole wani wuri ya dushe, to kada ya zama ido. Hoton da idon ya fito garau yana da rai ko da bakin fiffike ya ɗan yi rawa.

Kada ka kama shi. Garin da ke maƙalewa a yatsa ƙananan ɓawo ne da suka jeru a fiffiken kamar jinkar ɗaki, su ne launinsa, kuma ba sa sake tsirowa. Na ji masu cewa a sa shi a firij ya sandare a samu hoto. Ban yarda da wannan ba, kuma hoton ma yakan tona kansa, don ƙafafun ba sa riƙe fure yadda mai lafiya ke riƙewa.

Abu ɗaya na ladabi: tsakar gida wurin mata ne. Ka sanar kafin ka zauna da kyamara, ka duba abin da ke bayan furen, kada ka ɗaga waya ta saman katangar maƙwabta. A halin yaƙin da Sudan ta shiga a 2023, yawo da kyamara a titi ba abin wasa ba ne, lambun wani kuma sai da izinin mai shi.

Mataki na bakwai: adana hoton

Ka zaɓi uku, ka goge saura. Ka rubuta rana da wuri da furen da ya sauka a kai. In za ka tura wa wani ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse shi ƙananan zanen su ɓace. In kana son tabbatar da suna, manhajar iNaturalist tana da masana da ke dubawa kyauta, kuma akwai zaɓin ɓoye ainihin wurin don kada gidanka ya fito a taswira.

Mataki na takwas: ka rene shi da kanka

Wannan ce hanyar da ba ta ba ni kunya ba ko sau ɗaya, matuƙar tsutsar ta rayu. A kan bishiya yawancinsu ba sa kaiwa, tsuntsu da ƙadangare da zanzaro suna gamawa da su. Ka ɗauki biyu ko uku kawai, waɗanda suka ɗan tasa.

Nemi bokiti ko babban kwalin roba, ka shimfiɗa takarda a ƙasa, ka rufe bakin da tsumman gidan sauro ka ɗaure. Ajiye shi a inuwa mai iska, ka ɗora a kan abin da tururuwa ba za ta hau ba. Kullum ka sa sabon reshe daga bishiyar da ka ɗauko su, ka canja takardar. In ka tsoma gindin reshen a kwalbar ruwa, toshe bakin kwalbar da auduga, in ba haka ba tsutsar za ta gangara ta nutse. Haka na rasa ɗaya a shekarar farko, kuma ya dame ni. In ka ga ta yi shiru yini guda ba ta ci, kada ka taɓa ta, saɓa za ta yi.

Daga ƙyanƙyasa zuwa ƙarshen ci mako biyu zuwa uku ne a lokacin ɗumi. Ranar da koriyar ta daina ci, ta zubar da kashi mai ruwa, ta kama yawo a bokitin, ka jingina mata busasshen tsinke mai kauri a tsaye. Za ta manna gindinta a jiki, ta saƙa zare ɗaya ta zagaya ƙirjinta kamar majanyi, ta jingina da shi. Washegari za ka tarar ta tuɓe fatar ta zama wani abu mai kusurwa-kusurwa, kore ko ruwan itace, gwargwadon inda ta maƙale. Ka tabbata akwai fili kamar tsawon tafin hannu a ƙasa da gefenta, don in fukafukan suka taɓa bango suna ɗanye, a lanƙwashe za su bushe, ba zai taɓa tashi ba.

Kwana goma zuwa mako biyu za ka jira, da sanyi ya fi haka. Daga kwana na takwas ka riƙa dubawa kowane dare da tocila. Daren da ka ga kwanson ya yi duhu, ɗigon rawaya na lekowa ta cikinsa, to gobe ne. Ka fito da tsinken ka kafa shi a tukunyar fure inda ka riga ka shirya bayan hoto, ka kife masa wani abu mai raga saboda ƙadangare, ka kwana da waya a cike.

Da safe yakan fito, kuma fitar ba ta cika minti biyu ba. Ranar namu na farko, ina dawowa daga sallar asuba na shimfiɗa tabarma na zauna. Rana ta ɗan ɗaga sai kwanson ya tsage ta sama, ya turo kai, ya jawo ƙafafu, ya rataya. Fukafukan a cukurkuɗe kamar tsumman da aka matse, cikin kuma ƙato. 'Yata ta ce, "Baba, ya lalace." Na ce ta dakata. Muna kallo yana tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyin fiffiken, suna miƙewa kaɗan-kaɗan, kafin Inna ta gama dafa jabana, wato gahawa, sun sauka sumul. Zai zubar da ɗigon ruwa mai launin ƙasa, wannan ba ciwo ba ne, sauran abin da ya tara ne a kwanso.

Daga nan kana da awa ɗaya zuwa biyu da ba zai tashi ba, launinsa sabo fil, ko ɓawo ɗaya bai zube ba. Ka fara da gefe yana rufe. Ka matsa ka ɗauki ido da naɗaɗɗen baki da gashin ƙirji. Sannan ka koma ta sama ka jira, don kafin ya tafi zai riƙa buɗewa yana rufewa a hankali, a nan ne idanu huɗun na fiffiken baya za su bayyana gaba ɗaya. In ka ga fukafukan sun fara karkarwa, ka mayar da saurin kyamara 1/2000 ka danna a jere, tashi zai yi. Namu ya kewaya bishiyar sau ɗaya, ya haura katanga ta gefen duwatsun Taka. Inna ta bi shi da kallo, sannan ta juya ta ce mini akwai wasu ƙananan guda uku a reshen da ke bayan randa, in zo in gani kafin tsuntsaye su riga ni.